A Ƙofar Makaranta Ɗana Ya Ce Ni Maman Jaririn Gidansu Ce

Anti, barka da ƙoƙari. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta takardar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, domin duk wanda na fara ba wa labarin nan sai ya ce Allah ya yi min gata ina butulci. Ki ɓoye sunana. 'Yan gidanmu suna karanta filinki.

Ni matar aure ce, yarana huɗu, ga cikin na biyar ya tsufa. Babbar muna ce mata Malama, don tun tana ƙarama take jera takalma tana koya musu karatu, yanzu ta kusa shekara goma. Mai bi mata namiji ne, Direba, don son motocin wasa. Sai Tsuntsuwa, wadda ba ta cin abincin kirki, sai ƙaramin da ke hannuna, Ƙwallo, bai cika shekara biyu ba. A gidanmu ba a daɗewa a kan kujerar auta, shekara biyu zuwa uku ne a sauke ka a ɗora wani. Maƙwabta har tsokanata suke, wai ba su taɓa ganina ba ciki ba goyo ba. Ina dariya tare da su, amma Allah ya sani dariyar ba ta wuce leɓena.

Muna zaune a saman bene, ɗaki uku da falo, da wani siririn lungu a tsakanin ɗakunan. Ɗakina ne na ƙarshe, tagarsa tankin ruwan maƙwabta take kallo. Wanda ke fuskantar nawa na yayar maigidana ne. Ni Yaya nake ce mata, yara kuma Gwaggo, to bari in ce Gwaggo don kada in rikita ki. Mijinta ya rasu da daɗewa, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba.

Ga yadda abin ya fara. Haihuwar Direba aiki aka yi min, sai Gwaggo ta zo ta taya ni zama na ɗan lokaci. Wata rana da hantsi ina kwance, Malama, wadda a lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba, ta hau gado da gudu ta faɗa min a kan ɗinkin. Ihun da na yi har ƙasan bene an ji. Gwaggo ta ɗauke ta ta tsallaka da ita ɗakinta, ta ce ta riƙa kwana a can har in warke. Na warke, amma yarinya ta saba, ni ma na saba da sauƙin. Da Gwaggo ta fara haɗa kayanta za ta koma gida, ni da bakina na roƙe ta ta zauna. Ina so ki riƙe wannan, Anti: ba wanda ya ƙwace min ɗa, ni na miƙa.

Da cikin Tsuntsuwa ya tsufa ko shawara ba a yi ba. Na yaye Direba, aka sayo gado mai hawa biyu, ya tsallaka. Lokacin Ƙwallo kuwa Tsuntsuwa da kanta ta rungumi filonta ta fita tana murna, don an gaya mata can ne ɗakin manya. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Na zauna a bakin gado ina kallon wurin da take kwanciya, na yi kuka har na gode Allah, sannan na share hawayena na ce wa kaina ai taku kaɗan ne tsakaninmu.

Taku kaɗan ɗin nan ne ya fi ƙarfina. Gwaggo ke tashinsu, ta yi musu wanka, ta kai su makaranta ta ɗauko su, ta zauna da su a kan aikin gida. In an yi faɗa wurinta ake kai ƙara. In haƙori ya fita ita ake nuna wa. Ni kuwa ina ɗakina da wanda ke shan nono, daga wanki sai jijjiga, sai jiran ya yi barci in ɗan miƙe bayana. A da ina aiki a wani shagon tabarau, ina taya mutane zaɓen wanda ya dace da fuskarsu, kuma ina son aikin, don kullum sai na ga sabuwar fuska na yi hira. Hutun haihuwa ya bi hutun haihuwa, har mai shagon ya ɗauki wata. Ban ga laifinsa ba. Yanzu sai in yi kwana da kwanaki ban sauka ƙasan bene ba, in ba ranar awo ko riga-kafi ba.

In maganar jariri ce, ki tambaye ni. Daga jin kuka na san na yunwa ne ko na ciwon ciki, na san ƙurajen zafi na san na haƙori, har matan layinmu suna hawowa da jariransu in duba musu. Amma ki zaunar da ni da yarinya 'yar shekara tara, ban san me zan ce mata ba. Na gwada, wallahi na gwada. Ina jin dariyarsu ta cika ɗakin Gwaggo, sai in goya Ƙwallo in tura ƙofa. Nan take kowa zai nutsu. Malama ta tashi ta ba ni kujera, ta gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa ta zo daga nesa, su tsaya suna kallona suna jiran in faɗi abin da ya kawo ni. Sai in tambayi ko sun ga murfin kwalbar madara, in fito. Kwanakin baya na ba da saƙo aka sayo wa Direba motar wasa mai kyau. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ajiye a saman kabad. Daga baya Gwaggo ta gaya min, cikin lallashi don kada in ji ciwo, cewa ya daɗe da barin motoci, yanzu zanen dabbobi yake yi, har malaminsu ya manna wani a bangon aji. Ashe a duk gidan ni kaɗai na rage ina kiransa Direba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wannan. Makon jiya gwiwar Gwaggo ta kumbura, aka kai ta asibiti, maigida kuma yana can saman rufin wani kamfani yana aiki, don gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Sai ni na tafi ɗauko yara, ciki a gaba, Ƙwallo a baya. Maigadin makarantar ya tare ni. Ba sabo ba ne, shekarunsa da yawa a wurin, ni ce bai taɓa gani ba. Ya ce dokarsu ba a ba da yaro ga wanda ba a sani ba. Na ce ni ce mahaifiyarsu. Ya kira ɗana daga cikin layi ya tambaye shi ko ya san matar nan. Yaron ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce ya san ni mana, ai maman jaririn gidansu ce.

Anti, ba da rashin kunya ya faɗa ba, da farin ciki ya faɗa, yana ganin ya taimake ni. Maigadi ya kwashe da dariya, matan da ke jiran 'ya'yansu suka juyo. Malama ta yi sauri ta ce mamansu ce, amma ta faɗa kanta a ƙasa, na ga kunyata take ji ko tausayina, ban san wanne ya fi zafi ba. Duk da haka sai da mutumin ya buga wa Gwaggo waya, tana kan gadon asibiti ta ba da izini. Na tsaya a rana ina jiran a ba ni izinin tafiya da 'ya'yan da aka yanka cikina aka ciro ɗayansu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar dawowa suka yi gaba su uku suna hirarsu, ni ina baya ina jan ƙafa.

Na gaya wa maigida, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce maganar yara ce. Da ya ga raina ya ɓaci ya ce in ji tsoron Allah, mata nawa ne ke neman mai riƙe musu yaro na awa ɗaya su rasa, ga yayarsa ta sa haya a gidanta ta zo ta ƙarar da ƙarfinta a kan 'ya'yanmu. Gaskiya ya faɗa. Shi mutum ne da in na'ura tana ba da sanyi ba ya buɗe cikinta ya ga me ke ƙara. Kuma da Gwaggo muguwa ce da na samu sauƙi, da na san da wa nake faɗa. Matar nan ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Kullum sai ta turo su su gaishe ni da safe, su zo su tsaya a bakin ƙofa a jere, su gaida ni su koma.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan haihuwar Ƙwallo likita ta ba ni shawarar in huta, na karɓo maganin tazara na kawo gida, amma ban sha ba. Na ce wa kaina mantuwa ce. Ba mantuwa ba ce, Anti. Jariri ne kaɗai a gidan nan yake kuka in na fita, yake miƙo hannu in na shigo. In babu jariri a ɗakina ban san me nake yi a gidan ba. Na gaji da haihuwa, jikina ya gaji, amma ina tsoron ranar da zan daina.

Shekaranjiya kafinta ya zo ya auna kusurwar ɗakin Gwaggo, za a yi wa Ƙwallo gado, ya ce ƙarshen wata zai kawo. Ba wanda ya tambaye ni, don ba a saba tambaya ba. Yaron nan yanzu ya fara ce min Mama, in na shiga banɗaki yana bakin ƙofa yana bubbugawa. Na san in ya tsallaka lungun nan, nan da shekara ɗaya shi ma zai shiga layin masu gaisuwa. In na ce a bar min shi, likita ta ce wannan cikin ma aiki za a yi min, ba zan iya ɗaga shi ba, kuma za a ce na raina riƙon Gwaggo. In na ce ta koma gidanta, yarana ba za su yafe min ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. In na yi shiru, na biyar ma zai bi su, in rage ni da tankin ruwa muna kallon juna. Duk inda na juya bango ne. Ki gaya min gaskiya ko mai ɗaci ce: butulci ne ke damuna, ko kuwa ina da hakkin in ce a bar min Ƙwallo?

Taki cikin damuwa,
Maman Jariri

AMSA

Ƙanwata, ba butulci ba ne. Godiya ga Gwaggo da kewar 'ya'yanki suna iya zama a zuciya ɗaya, kuma duk biyun gaskiya ne. Share hawayenki mu yi magana.

Maganar ɗanki ta yi zafi, amma ba zagi ba ce, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Duk sanda ya leƙa ɗakinki da jariri yake ganinki. Maigadin ma aikinsa ya yi, da wata baƙuwa ce ta je ɗaukarsu da kin gode masa.

Ki sa kanki a matsayin Gwaggo na minti ɗaya. Mace ce da ba ta haifa ba, ta yi shekaru tana wanke kashi da fitsarin yara uku har suka zama mutane. Su ne safiyarta, su ne yammacinta. Ina tabbatar miki ita ma tana da nata tsoron: ranar da za ki ce na gode, ba ni kayana. Don haka duk shawarar da za ta zama ƙwace, ko ta zama kora, ki cire ta daga ranki. Amma ita ma akwai abin da ya kamata ta gani. Turo yara gaisuwa ladabi ne, ba shaƙuwa ba, kuma gwiwar da ta kumbura saƙo ce cewa yara huɗu sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Kin tambaye ni ko a bar miki Ƙwallo. Ina ganin tambayar ta yi kaɗan. Kuskuren tsarin gidanku shi ne kullum kina riƙe wanda ba zai tuna ba, kina sakin masu tunawa. Jariri ɗan wata biyu bai san hannun wa ya jijjiga shi ba, in dai ya ƙoshi kuma an sauya masa ƙyalle. 'Yar shekara tara kuwa ta san wa ya tambaye ta yadda ta wuni. To a wannan karon ku juya abin. Idan Allah ya sauke ki lafiya, jaririn ne zai riƙa tsallakawa. Ki shayar da shi, ki miƙa wa Gwaggo daga la'asar zuwa magariba, ke kuma ki zauna a falo da manyan. Ba kya buƙatar ɗaga kowa, zama ne da kunne. Gwaggo za ta ɗan huta da hidimar manyan, ga ɗa a cinyarta, ba wanda ya rasa komai.

Gadon Ƙwallo kuma a karɓa, a ajiye shi a ɗakinki. Makonnin farko bayan aikin ya kwana wurin Gwaggo, amma a gaya masa, a gaya wa kowa, cewa aro ne, ga gadonsa can yana jiransa. Wannan magana da Gwaggo za ki fara yin ta, ke da ita, kafin kafinta ya dawo, ba ta bakin maigida ba. Ki fara da godiya, ki ba ta labarin ƙofar makaranta yadda kika ba ni, sannan ki roƙe ta abu ɗaya: ta koya miki 'ya'yanki. Wa ke tsoron me, wa ke son me, wace ce ƙawar Malama. Na san da ciwo uwa ta tambayi wata irin wannan, amma tambayar ce za ta nuna mata ba kujerarta kike nema ba. In ta ɗan ja fuska a ranar farko, ki yi haƙuri, mutum ce.

Da yaran kada ki fara da kyauta, kuma kada ki tare su su uku a lokaci ɗaya. Ɗaya-ɗaya, a kan wani aiki. Ki ce ɗanki ya zana miki dabbar da ya fi iyawa, ki tambaye shi da wane suna yake so ki riƙa kiransa. Ki sa Malama ta raka ki awo, hanya tana buɗe bakin yaro fiye da kujera. Ki zaɓi rana ɗaya a mako da ɗauko su daga makaranta zai zama naki, yanzu kafin ki haihu da kuma bayan kin warke. Za su yi miki baƙunta da farko. Kada ki ɗauka ƙi ne, rashin sabo ne.

Shi kuma maigida, ki same shi a ranar da ba shi da gajiya, ki ce ba ƙarar yayarsa kika kawo ba, taimako kike nema. Ban ga inda kika ambaci abin da shi yake yi wa yaran ba, kuma wannan shirun ya dame ni. Wankan Ƙwallo da ɗaga shi bayan an yi miki aiki, nasa ne. Maganar maganin da kika ajiye kuwa, na gode da kika faɗa. Ki maimaita wa likitarki ita kamar yadda kika rubuta min, har da kukan da zaman ɗaki, ku tsara hutunki ke da ita da mijinki tun kafin ki haihu. Kada ki sake ɗora wa jariri nauyin cike miki gurbi, ya yi masa yawa.

Zan rufe da abin da ban cika faɗa a filin nan ba. Ni ma ba wadda ta haife ni ce ta raine ni ba, kuma a gida ɗaya muke da mahaifiyata. Ita tana jira in girma in gane in je wurinta, ni ina jira ta kira ni. Mun so juna, amma har ta koma ga Allah hirarmu ba ta taɓa wuce ina kwana da an tashi lafiya ba. Yaro ba ya fara takowa, ƙanwata, babba ne ke farawa. Malama ba ta kai goma ba, kina da lokacin da mu muka bari ya wuce. Ki fara yau.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ba Gwaggo sauƙin gwiwa, ya haɗa kan gidanku.

Antinku